Ɓarnar da Mai Ita Bai Zo Gani Ba

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, irin zafin nan da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu tun hantsi. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, yaran unguwa suka fito suna tsalle suna ihu. Ina kan tabarma a ƙofar gida, ko motsi ban yi ba. Rabi matata ta leƙo ta ce, "Malam, ruwa fa zai sauko, ka shigo da tabarmar."

Na ce, "Bar shi, wannan hadarin na san kakansa."

Ai kuwa iska ce kawai. Ta kwaso ledojin unguwa ta zube mana a tsakar gida, ta yi gaba abinta. Sai dai tun jiyan na kasa dawo da zuciyata daga bakin kogin Challawa. Wani azumi nake ta tunawa, wanda ya same mu cikin irin wannan zafin, ina sabon ango, Baba yana da rai, lambunmu kuma yana kore shar.

Wanda ya ga unguwarmu yanzu ba zai yarda ƙauye ce a da ba. Inda gidajen bulo suka cushe ɗin nan fadama ce, ta miƙe daga bayan gari har bakin kogi, kowane gida da lambunsa. In damina ta wuce aka kai gero da dawa rumbu, sai a gangaro a ja fangali, a dasa albasa da tumatir da attaruhu, a yafa alayyahu. Injin ban-ruwa sai dai mu ji labarinsa a rediyo. Jigo muke da shi: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Ka danna guga ya nutse, ka saki ya taso, ka juye a magudana. Da sassafe in ka tsaya a kan tudu, kukan jigo kake ji daga wannan ƙarshen fadama zuwa wancan, kowanne da muryarsa. Namu Inna ta ce kukan tsohuwar akuya yake yi, kuma duk man da na shafa masa bai sauya hali ba.

Ina tasowa kamfanoni suka fara tsirowa a kan tudun da ke sama da mu, masaƙu da masu jimar fata da masu yin alewa. Ba zan yi ƙarya ba, mun yi murna da su. Jiniyarsu ta zama agogonmu, in ta yi kukan canjin aiki Inna ta san lokacin ɗora tukunya ya yi. Ma'aikata suka cika gari, daga Ringim, daga Gumel, har daga Nijar, kowa yana neman ɗakin haya da abin sawa a baki. Alayyahun da a da sai mun kai birni a kan jaki, sai ga shi yana ƙarewa a bakin get. Mu ma mun sami namu baƙon, Isufu, wani Badamagare mai aiki a kamfanin fata, Baba ya ba shi shagon da ke jikin zaure. Bakano da Badamagare kuwa ba sa haɗuwa ba tsiya. Kullum sai ya kira ni bawansa, ni kuma in ce masa ban taɓa ganin ubangidan da yunwa ta koro ya zo wankin fata a garin bayinsa ba.

Daga kamfanin su Isufu wata kwata ta fito, ta bi gefen tudu ta je ta faɗa kogi can ƙasa da mu. Ruwanta wani lokaci ja, wani lokaci shuɗi-shuɗi, da wari irin na mushe. Mun saba da ita, tana hanyarta muna tamu, sai dai a hana yara wasa a ciki. Kusa da ita kuma akwai wani tsohon kwari, wanda ruwan sama na farko yake biyowa daga tudu ya shigo fadama. Wannan ruwan farkon shi ne albarkar lambu. Jawur yake zuwa, ɗauke da takin gari da kashin dabbobi, duk mai lambun da ya ji shi tafe sai ya fasa bakin fangalinsa ya tarbe shi. Lambunmu shi ne a bakin kwarin, mu muke fara sha, kuma Baba yana alfahari da haka.

Baba, Malam Garba, ba shi da sarauta, amma duk ɓarnar da aka yi a ƙasarmu shi Mai-unguwa yake aikawa ya duba. Ɓarna a wurinmu tana da hanyarta. In dabbobin wani suka shiga gona, abu na farko ba a taɓa wurin. Ko kara ɗaya ba a ɗagawa, ko sawu ɗaya ba a sharewa, sai mai dabbobin ya zo da ƙafarsa ya tsaya a kai ya gani. In ya gani, dattawa su kimanta, shi kuma ya ba da haƙuri. Mai gona, in ɗan mutunci ne, sai ya ce, "Haba, na yafe, ai dabba ba ta da hankali." Nan ne mai dabba zai rantse ba zai tafi da haƙƙin wani ba. Wannan ya ture, wancan ya nace, har dattawa su tsayar da su a tsakiya. Ko yaro ya san yafewar farko ƙofa ce aka buɗe wa mutum, don ya shigo ya biya da mutuncinsa, kada a ce tilasta shi aka yi.

Na ga wannan da idona ina yaro, lokacin da shanun Ardo Buba suka cinye mana kusurwar masara. Ardo ya zo, ya cire takalmansa a bakin lambu, ya shiga ya tsuguna yana juya karan da aka tattake. Baba ya ce ya yafe. Ardo ya ce, "Aradu, Malam Garba, in na tafi a haka nonon shanuna ba zai yi albarka ba." Ƙarshenta ya kafa wa shanunsa turke a gonarmu ta tudu duk ranin nan, suka zuba mana takin da muka shekara biyu muna cin moriyarsa. Daga nan ƙwaryar nono ba ta ƙara yanke wa gidanmu ba.

To, daminar da ta gabaci wancan azumin ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Abin da muka kai rumbu bai kai mu tsakiyar rani ba. Kafin bazara ta shigo, har damin da Baba ya ware na iri an sauke an sussuke. A birni ma layi ake yi a kan shinkafa da sabulu. Garin rogo, wanda a da muke yi wa Isufu tsiya a kansa, sai ya zama sarki a gidanmu: a jiƙa, a yanka albasa, a marmasa ƙuli-ƙuli in an samu. Rabi tana amarya da ƙaramin ciki, kunun tsamiyar da take damawa har fuskarka kake gani a ciki. Na taɓa tambayarta ko kunun ne ko ruwan alwala, ta yini ba ta kula ni ba.

Lambu ne kaɗai ya rage mana. Baba ya zuba duk ƙarfinmu a cikinsa, masarar rani ta fi yawa, sai kuɓewa da attaruhu da alayyahu. Dabararsa a fili take. Masara za ta nuna kafin Salla, masu gashi a bakin kamfanonin Sharada da Bompai za su saye ta tun a tsaye, da ita za a sayi irin shuka da abin da zai kai mu kaka. In masarar nan ba ta yi ba, damina za ta zo ta same mu ba abin da za mu sa a rami.

Kogi ya janye ya bar yashi, sai 'yan gurabe nan da can. Muka ƙara wa rijiyar lambu zurfi, muka ƙara wa jigo igiya. A haka aka ga wata.

Yininmu ɗaya ne kullum. Da sahur a sha abin da ya samu, ɗumame in an yi sa'a, in ba a yi ba fura mai ruwa-ruwa. Ana idar da sallar asuba mu gangara. Ni a kan jigo, Baba da fartanya yana karkata ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Mutane suna cewa yunwa ce wahalar azumi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jan jigo ba. Ruwan ne wahalar. Ka ɗago shi da sanyinsa, yana zubar maka a ƙafa, yana ƙara a kunnenka, maƙogwaronka kuwa kamar an cusa auduga. In hantsi ya dubi ludayi sai mu gudu ƙarƙashin mangwaro, ni da samarin lambunan maƙwabta, kowa ya jiƙa rigarsa ya rufe fuska. Baba ya jingina yana jan carbi. Da azahar yashin kogi ba ya takuwa, ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. La'asar sakaliya a sake komawa. Wanda ya gama nasa ba ya tafiya, sai ya tsallaka ya karɓi jigon maƙwabcin da ƙarfinsa ya ƙare.

Sai magariba. Kowane gida ya fito da kwanonsa ƙofar gidanmu, a jera a tabarma, kunu ne ko kwaɗon zogale ko jiƙaƙƙen gari, ba mai tambayar wane kwano ne na wa. Isufu yakan iso a guje daga aiki, warin fata yana biye da shi, mu ce ya koma ta inda iska ba za ta kwaso mana shi ba. Ya ce bayi ba sa zaɓa wa ubangida wurin zama. Kurɓin farko na ruwan randa, wallahi har yatsun ƙafa nake jin saukarsa. Yanzu ga firij a ɗaki, ga ƙanƙara, ga lemo iri-iri, amma ban ƙara shan ruwa mai daɗin wancan ba. Ina kewar wannan zaman, da yunwarsa da komai.

Azumi ya raba tsakiya, yara sun fara tashe, masara ta fitar da gemu. Wata la'asar hadari ya haɗo, irin na jiya sak. Duk fadama aka saki jigo ana kallon sama. Iska ta taso mai ƙarfi daga wajen kogi, ta cika mana ido da yashi, aka yi tsawa, aka yi walƙiya, amma ko ɗigo bai sauka ba. Muna cikin cizon yatsa sai muka ji ƙugi daga wajen kwari.

Baba ya ɗaga fartanya sama ya ce, "Haruna, an yi ruwa a tudu! Ga shi nan tafe, zo mu fasa!"

Na gan shi yana gangarowa jawur, da kumfa a bakinsa, kamar yadda ruwan farko yake zuwa kowace shekara. Muka hau fasa bakin fangali, ni ta nan Baba ta can. Maƙwabta ma haka, ana kabbara, ana dariya, wani yana cewa yau jigo ya huta. Iska tana kaɗawa daga bayanmu, ba abin da hancinmu ya ji. Sai da ruwa ya kai mana idon sawu iskar ta kwanta, wari ya taso ya rufe mu.

Baba ya tsuguna ya kamfato ruwan a tafin hannunsa. Da ya tsiyaye, gashin akuya ne ya rage a tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Toshe, Haruna! Ku toshe!"

Ina! Ruwan ya fi ƙarfin fartanya. Ya rushe kunyoyin, ya malale lambunmu kaf, ya wuce na maƙwabta, ya gangara gurbin da ake kamun kifi. Kafin mu hau tudu ƙafafuna sun fara zafi kamar an shafa barkono.

Ran nan da magariba muka zauna shan ruwa. Isufu ya iso a makare, ya zauna can gefe ba tare da an kore shi ba. Da Baba ya dube shi sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, tafkin bayan kamfani ne, inda ake tara ruwan jima. Ya daɗe da cika. Duk shekara in ruwan sama ya kece ake buɗe shi, ya wanke ya kai kogi, ba wanda ya sani. Yau da aka ga hadari aka ce mu buɗe. Ruwan saman ne ya ƙi zuwa, kwata kuma ta kasa ɗauka, ta ɓalle ta faɗa kwari."

Baba ya ce, "Har da hannunka?"

"Har da nawa, Baba. Cewa aka yi mu murɗa, muka murɗa."

Na yunƙura, ban san ma me zan yi ba. Baba ya tura masa kwanon kunu ya ce, "Sha, Isufu. Kai ɗan kiwo ne, ba kai ne mai shanun ba."

Da gari ya waye muka gangara. Alayyahu ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Kwaɗi sun mutu a cikin fangali, kifi ya taso ciki sama a gurbi, balbelar da kullum take bin mu tsintar ƙwari ko sauka ba ta yi ba. Amma masarar gefen sama da sauran ranta, rijiyarmu kuma ruwan bai shiga ba. Maƙwabta sun riga sun hau jigo, suna kwarara ruwa mai kyau don su wanke ƙasa. Na kama igiya.

Baba ya ce, "Saki."

"Baba, in muka ba ta ruwa yau da gobe, wannan gefen zai tashi."

"Na ce ka saki. Ni da nake hana mutane taɓa ɓarna, ni zan fara? In mai ita ya zo, me zan nuna masa?"

Da muka koma gida Inna ta tare shi a tsakar gida. Inna ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ce, "Malam, kamfani fa ba Ardo ba ne."

Ya ce, "Mutum ne yake da shi, ko aljani?"

"Mutum ne mana."

"To zai zo."

Mai-unguwa ya yi ta zarya zuwa bakin get, da azumi, cikin rana. Yau maigadi ya ce manaja ya tafi Ikko, gobe ya ce ana taro. Kullum da safe ina gangarawa in tsaya in kalli masara. Ta yi rawaya, ta yi ruwan ƙasa, ta fara ƙara in iska ta taɓa ta. Inda ruwan ya ƙafe wani farin abu ya fito a kan ƙasa kamar kanwa. Fatar ƙafafuna ta saɓule. A gida kuma aka sayar da jaki, sannan wata safiya na ga Rabi ta sauke kwanukan jerenta tana gogewa, za a kai wa dillaliya. Ban hana ta ba, domin ba ni da bakin hanawa. Raina ya yi baƙi da Baba ƙwarai a kwanakin nan, har ba na son haɗa ido da shi.

Sai cikin goman ƙarshe wata farar mota ta tsaya a kan tudu da hantsi. Duk masu lambu suka taru. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Dattawa sun riga sun kimanta ɓarnar kowa a tsakaninsu, Mai-unguwa yana riƙe da maganar a bakinsa, yana jiran lokacinta ya yi.

Wanda ya fito daga motar Bahaushe ne ɗan'uwanmu, bai girme ni da yawa ba, da kwat da takalmi mai ƙyalli, da hankici a hanci. Ya gai da dattawa yadda ya kamata, har da rusunawa. Ya ce shi ne mai kula da hulɗar kamfani da jama'a.

Baba ya nuna masa hanya ya ce, "Bismilla, gangaro ka gani."

Ya dubi taɓon da ya bushe, ya dubi takalminsa, ya ce, "Ai ina hangowa daga nan, Baba." Sannan ya gyara murya. "Kamfani ya yi sori ƙwarai da gaske. Tsautsayi ne. Mun ma sami labarin ku da kanku kuka fasa wa ruwan hanya, amma ba wannan ya kawo ni ba. A yi haƙuri, don alfarmar wannan wata."

Kowa ya juya ya dubi Baba. Shi ne babba, shi ne mai duba ɓarna, lambunsa ne kuma ya fi ƙonewa. An ba da haƙuri, saura abin da ake faɗa bayan haƙuri. Baba ya ce, "Haba ɗana, ai ruwa ba shi da hankali. Na yafe."

Muka zuba wa mutumin ido muna jiran ya rantse ba zai tafi da haƙƙinmu ba. Har Mai-unguwa ya yi gyaran murya, ya matso gaba.

Fuskar mutumin ta washe. Ya ce, "Allahu akbar! Jama'a kun ji dattako. Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan isar wa manaja yadda kuka faɗa." Ya yafito direba, aka sauke katan ɗin sukari da na madara a gaban Mai-unguwa, wai na shan ruwa. Ya bi dattawa da musafaha ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya damƙe min hannu. Muna tsaye motar ta juya ta hau hanya.

Malam Sule, maƙwabcinmu na lambu, ya ce, "Shi ke nan?"

Mai-unguwa ya ce, "Zai dawo mana. Ai bai gama ba."

Bai dawo ba. Bayan kwana biyu wasu suka haɗa kuɗin mota suka tafi ofisoshin gwamnati da ke Nassarawa kai kuka. Aka ce musu kamfani ya riga ya kawo bayani: dattijon fadama ya yafe a gaban shaidu, cikin watan azumi, har an karɓi kyauta. Suka dawo suka cika zaurenmu, suna roƙon Baba ya je ya ce ba haka yake nufi ba.

Ya ce, "Magana zarar bunu ce. Da azumi a bakina na faɗa. In je in ce me, ƙarya na yi?"

Da suka watse Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu, yadda ko a waje za a ji. "Ka yafe abin da ba naka kai kaɗai ba, Malam. Cikin yarinyar nan ya yafe? Ita ƙasar ta ce maka ta yafe?" Rabon gidanmu na sukarin nan Inna ta zuba a kunu, don ba ta ga dalilin da za a bar shi ba. Baba bai taɓa kunun ba har sukarin ya ƙare, ruwa kawai yake sha. Ni kam na sha, kuma ya yi min daɗi, yunwa ba ruwanta da zuciya.

Na daɗe ina ganin laifin Baba. Da na ƙara shekaru sai haushina ya koma wani wuri. Mutumin nan na cikin mota ba Bature ba ne, ba Balarabe ba ne. A gida irin namu aka haife shi, ya ga yadda ake tura abu a dawo da shi, ya san abin da ake faɗa in dattijo ya ce ya yafe. Sarai ya sani. Wannan shi ne abin da har yau yake ci min rai.

Sallar nan ce ta farko da aka kawo mana zakkar kono maimakon mu fitar. Daga ranar kuma Mai-unguwa bai ƙara aiko wa Baba ya je duba ɓarna ba, shi ma bai tambaya ba. Washegarin Salla sai ga Ardo Buba, ya tsufa, yana jan sa ɗauke da taiki. Labari ya kai masa har ruga. Ya sauke taikin a zaure, gero ne na iri, ya ce a kai shi ya ga lambu. A bakin lambu ya cire takalmansa, ya shiga tsakiya ya tsuguna, ya ɗebi farar ƙasar yana murzawa.

"Malam Garba, wanda ya yi wannan ya zo?"

"Ya aiko."

Ardo ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Aike ba zuwa ba ne."

A makon nan ruwan gaske ya sauka. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar a hancina, da sanyin da ya ratsa gari, da yadda Rabi ta fito tsakar gida ta tsaya a cikinsa tana dariya, Inna tana yi mata faɗa ta koma ɗaki. Muka shuka geron Ardo a gonar tudu, muka rayu da rama da tafasa da bashin maƙwabta har kaka. Rabi ta haifi namiji aka sa masa sunan Baba, muna kiransa Abba. Isufu ya ɗaure kayansa bayan girbi ya koma Damagaram, ya ce hannunsa ya gaji da murɗa abin da bai san inda zai faɗa ba. Ranar da zai tafi ne kaɗai bai ce min bawa ba.

Lambunan da ke nesa da kwari sun farfaɗo a hankali, ko da yake ba su koma kamar da ba. Namu da ya sha ruwan tun daga bakinsa, Baba bai ƙara sa masa fartanya ba, kuma bai bari na sa ba. Ni na sami aiki a wata masaƙa a Sharada, ina zuwa a keke, har ranar da ita ma aka sa mata kwaɗo. Kamfanin fatar ya sauya hannu, ya sake sauyawa, sannan ya mutu. Yanzu ko kwanon rufinsa babu, in ka tambayi masu shi ba wanda zai iya nuna maka ƙofar gidansu.

Da ciwon ajali ya kama Baba, wata safiya ina gyara masa matashi ya riƙe min hannu, kamar yadda ya riƙe shi ran nan a kan tudu. Ya ce, "Haruna, yaron nan na mota na yafe masa har ga Allah, aiko shi aka yi. Amma mai shanun bai zo ba. Kada ka taɓa wurin."

Fadama ta zama gidaje. An sayar, an yanka, an gina, kukan jigo sai a kunnen tsofaffi irina. Filin nan kaɗai ya rage a tsakanin katangu, fari fat a tsakiya, ko awaki ratsa shi kawai suke yi. Abba, wanda yanzu shi ma da iyalinsa, ya sha yi min lissafin shagunan da za su fito a wurin. Rabi kan ce, "Malam, wai wa kake jira? Mutanen nan ko suna raye ma?" Ni ma ba na jin ta yi ƙarya.

Yau da safe na taka har can, don hadarin jiya bai bar ni na zauna ba. Na tarar da dillali ya kawo wani Alhaji, suna tsaye a bakin filin suna nune-nune. Alhajin ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba, an ce filinku ne. Nawa za ku bar mana shi?"

Na dubi takalminsa, sabo ne, yana ƙyalli. Na ce, "Alhaji, wannan ba fili ba ne, ɓarna ce. Ana jiran mai ita ya zo ya gani."